Kujerar Daraktar Wasanni: Shekara 29 na Debbie Yow a Jami'o'in Amurka

 



An nemi in yi magana a kan mace da shugabancin wasanni a manyan makarantu. Na ga zai fi amfani in ɗauki mace ɗaya mu bi sawunta daga farko har ƙarshe, mu ga inda ta yi daidai da inda ta yi tuntuɓe. Wadda na zaɓa ita ce Deborah Yow, wadda aka fi sani da Debbie Yow, Ba'amurkiyar da ta riƙe kujerar daraktar wasanni a jami'o'i uku, daga 1990 zuwa 2019. Na zaɓe ta ne don ta daɗe a kan kujerar har aikinta ya nuna, aka ga amfaninsa, aka kuma ga illarsa. Wanda ya yi shekara biyu ya sauka, ba a samun abin aunawa a aikinsa.

Sai dai kafin mu je gare ta, dole mu san kujerar da ake magana a kai, domin ba irin wadda muka sani ba ce. A Amurka wasannin jami'a babbar harka ce ta kuɗi. Hukumar da ke kula da su, wato NCAA, tana da makarantu fiye da 1,000 a ƙarƙashinta, an kasa su mataki uku. Filin ƙwallon Jami'ar Michigan yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 107,000. Akwai jami'o'in da sashensu na wasanni kaɗai yake kashe fiye da dala miliyan 200 a shekara, kuma a jihohi da dama ma'aikacin gwamnatin da ya fi kowa albashi shi ne kocin wata jami'a, ya fi gwamna nesa ba kusa ba. To, darakta shi ne mai ɗaukar wannan koci, shi ne mai sa hannu a kwantiraginsa, shi ne kuma mai sallamarsa. Shi ke nemo kuɗi daga attajirai da tsofaffin ɗalibai, shi ke gina filaye, shi ke amsa tambaya idan ɗan wasa ya faɗi jarrabawa ko aka karya dokar hukuma.

Abin da ya sa aikin ya yi tsauri shi ne, a yawancin jami'o'in nan wasa biyu ne kaɗai ke kawo riba: ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ake rungumar ƙwallon a ruga da ita, da ƙwallon kwando ta maza. Sauran duka, su ninƙaya da kokawa da tanis da guje-guje, da kusan dukkan wasannin mata, daga abin da waɗannan biyun suka samo suke ci. Darakta kamar uwargida ce mai rabon tuwo a gidan da mutum ashirin da wani abu ke miƙo kwano, alhali mutum biyu ne ke kawo hatsi. Idan ta fifita masu kawowa, sauran su kwana da yunwa. Idan ta raba daidai, masu kawowar su yi fushi su rage ƙoƙari, tukunyar ta ƙafe.

Yaya aka yi mace ta kai ga wannan kujera? Labarin ya faro ne daga wata doka. A ranar 23 ga Yuni, 1972, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan dokar ilimi wadda a cikinta akwai sashen da ake kira Title IX. Abin da sashen ya ce a taƙaice shi ne, duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon hana wani amfana da shirinta don shi namiji ne ko ita mace ce. Ba a ambaci wasa ko sau ɗaya a cikinsa ba, amma a fagen wasa ya fi yin tasiri. Kafin dokar, 'yan matan sakandare da ke wasa a ƙungiyoyin makarantunsu ba su kai 300,000 ba a duk faɗin Amurka. Yau sun haura miliyan 3. A jami'o'i kuwa, daga kimanin 30,000 sun haura 200,000.

Wannan shi ne ɓangaren da kowa ke faɗa. Akwai wani ɓangaren da ba a cika faɗa ba, kuma shi ne ya fi damuna. Kafin 1972, wasannin mata a jami'o'i mata ne ke tafiyar da su. Kuɗin kaɗan ne, kayan aikin tsofaffi ne, amma fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu horar da ƙungiyoyin mata mata ne, haka ma masu shugabancin sassan. Suna ma da ƙungiyarsu ta ƙasa, AIAW, wadda aka kafa a 1971. Da doka ta tilasta a zuba kuɗi a wasannin mata, sai jami'o'i suka shiga haɗe sashen maza da na mata wuri guda, kuma kusan ko'ina namijin ne ya zama darakta, macen ta koma mataimakiya. Hukumar NCAA, wadda da farko ta yi adawa da dokar, ta fara shirya gasannin mata da kanta a kakar 1981 zuwa 1982, kafin ƙarshen 1983 kuwa AIAW ta zama tarihi. Albashin koci a ƙungiyar mata ya yi kauri, maza suka yi sha'awar aikin. Wasu malamai mata biyu na Kwalejin Brooklyn, Vivian Acosta da Linda Carpenter, sun shafe shekaru fiye da 30 suna bin wannan lissafi, suka nuna yadda kason mata masu horar da mata ya zube daga kashi 90 zuwa kashi 40 da ɗoriya. Dokar da ta buɗe wa 'yan mata fili, a sanadinta ne iyayensu mata suka rasa ofis. Ba haka masu dokar suka nufa ba, amma haka abin ya kasance.

A cikin wannan yanayi Debbie Yow ta taso. 'Yar wani ƙaramin gari ce mai suna Gibsonville a jihar Karolina ta Arewa, daga gidan da ƙwallon kwando ta zama abin gado. Yayarta, Kay Yow, ita ce ta horar da matan Jami'ar NC State daga 1975 har rasuwarta a 2009, ita ce kuma ta jagoranci matan Amurka suka ci zinare a gasar Olamfik ta Seoul a 1988. Ƙanwarsu Susan ma fitacciyar 'yar wasa ce da ta zama koci. Ita Debbie ba ta fara da ƙafar dama ba. Ta shiga Jami'ar East Carolina ta bari ba ta gama ba, sai daga baya ta koma karatu a Kwalejin Elon, inda yayarta ke horarwa, ta yi wasa a ƙarƙashinta, ta kammala a 1974. Ina so ƙannena ɗalibai su riƙe wannan, musamman wadda karatu ya taɓa tsinke mata saboda aure ko rashin kuɗi ko rashin lafiya. Komawa aji bayan an bari ba abin kunya ba ne.

Ta koyar a sakandare, sannan ta zama kocin mata a Jami'ar Kentucky a 1976, daga nan Oral Roberts, daga nan Florida. Ta yi suna a aikin, kuma da ta so da ta tsufa a cikinsa kamar yayarta. Amma a 1985 ta ajiye usur, ta koma ofishin da ke tara wa wasannin Jami'ar Florida kuɗi daga magoya baya. A ganina wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a duk rayuwar aikinta. Aiki ne da ba ya fitowa a jarida. Za ka zauna da ɗan kasuwa ka saurare shi, ka san abin da yake so da abin da yake ƙi, ka roƙe shi ba tare da ka zubar da mutuncin makaranta ba, ka koma ka ba shi bayanin inda kuɗinsa suka shiga. Hujjar da ake kafawa a lokacin don hana mata kujerar darakta guda biyu ce: wai mace ba ta san ƙwallon Amurka ba don ba ta taɓa buga ta ba, kuma wai attajirai ba za su buɗe mata aljihu ba. Ta farko ba ta da yadda za ta yi da ita. Ta biyu kuwa ta tunkare ta gaba da gaba, ta ci gaba da wannan aiki a Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Greensboro, har ya zama idan ana maganar wanda ya iya nemo kuɗi, sai an ambaci sunanta.

A 1990 Jami'ar Saint Louis ta ba ta kujerar darakta. Ba ita ce mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami ba. Judy Sweet ta shugabanci wasannin maza da mata a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego tun 1975, har ta zama mace ta farko da ta shugabanci NCAA a 1991. Mary Alice Hill ta riƙe San Diego State a 1983, amma shekara biyu kawai ta yi aka cire ta. A Saint Louis, Yow ta sauya kocin ƙwallon kwando na maza, ta kawo Charlie Spoonhour a 1992, cikin shekara biyu ƙungiyar ta shiga babbar gasar ƙasa, abin da rabonta da shi tun 1957. Wannan ne ya sa manyan jami'o'i suka waiwayo ta.

Yanzu sai Maryland, inda ta yi shekara 16, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Jami'ar Maryland da ta karɓa a 1994 gida ne da aka yi wa rasuwa bai gama farfaɗowa ba. A watan Yunin 1986, gwarzon ɗan wasansu Len Bias ya mutu sakamakon shan hodar iblis, kwana biyu bayan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Boston Celtics ta zaɓe shi. Binciken da ya biyo baya ya tona asirin yadda ake sakaci da karatun 'yan wasa. Koci ya sauka, darakta ya sauka. A 1990 kuma NCAA ta hukunta jami'ar kan wasu laifuffukan daban, ta hana ƙungiyar maza shiga gasar ƙasa shekara biyu, ta hana nuna wasanninta a talabijin shekara ɗaya. Kuɗin shiga suka ragu, bashi ya taru, har aka ƙiyasta shi a kan dala miliyan 51 lokacin da Yow ta zo. Ita ce mace ta farko da ta zama darakta a rukunin jami'o'in da ake kira ACC. Ku lura da irin lokacin da aka kira ta. Sau da yawa sai gida ya kama da wuta ake tunawa da mace, idan ta kashe wutar a ce dama aikinta ne, idan ta kasa a ce ai mun faɗa.

Ta fara da tsuke bakin aljihu, ta rage ma'aikata, ta bi diddigin kowane kashe kuɗi, abin da bai sa an so ta ba. Ta rage bashin ƙwarai. Sannan ta shiga aikin da darakta ke tashi ko ya faɗi a kansa, wato zaɓen koci. A ƙarshen 2000 ta ɗauko Ralph Friedgen, tsohon ɗalibin jami'ar da ya shafe shekaru masu yawa yana mataimaki, ana tsallake shi duk lokacin da babbar kujera ta samu. A shekararsa ta farko, 2001, Maryland ta lashe gasar ACC ta ƙwallon Amurka, karo na farko tun 1985. Matar da aka ce ba ta san wasan ba ita ce ta gano mutumin da masana wasan suka yi ta wucewa. A 2002 ta ɗauko Brenda Frese daga Minnesota, matashiya 'yar shekara 30 da kaɗan, ta damƙa mata ƙungiyar mata. Bayan shekara huɗu, a 2006, suka doke Duke da ci 78 da 75 a ƙarin lokaci, suka ɗauki kofin ƙasa. Maza kuma sun riga sun ɗauki nasu a 2002, da suka doke Indiana da ci 64 da 52. A wannan shekarar ce aka buɗe sabon zauren wasa na Comcast Center mai ɗaukar mutum kusan 18,000. Jimillar kofunan ƙasa da jami'ar ta ci a zamaninta 20 ne, kuma mafi yawansu ƙungiyoyin mata ne suka kawo su. Mu ma muna da ɗan rabo a wannan zamani, domin Obinna Ekezie, ɗan Fatakwal, ya buga wa Maryland daga 1995 zuwa 1999 kafin ya wuce gasar NBA.

Da a nan zan tsaya, da kun tafa mun watse, amma da na ha'ince ku.

Abu na farko shi ne rikicinta da Gary Williams, kocin da ya ci kofin 2002. Williams tsohon ɗalibin Maryland ne, ya bar babban aiki a Ohio State ya dawo gida a 1989, shi ya ɗauki nauyin hukuncin da bai jawo ba, ya sake gina ƙungiyar. Ya riga ta zuwa da shekara biyar, kuma a idon magoya baya shi ne Maryland. Ita kuwa a takarda ita ce shugabarsa. Zamansu bai yi daɗi ba, kowa ya sani. A watan Janairun 2009 rigimar ta fito fili a jaridu tsakaninsa da ofishinta a kan wasu 'yan wasa da aka rasa, a makon da take zaman makokin yayarta Kay. Har bayan ta bar jami'ar abin bai mutu ba. A 2011 ta fito gaban 'yan jarida ta zarge shi da yi mata zagon ƙasa a neman kocin da take yi a sabon wurin aikinta, shi kuma ya musanta. Ra'ayina shi ne, akwai masu sukarta da ba su taɓa yarda mace ta ba fitaccen koci umarni ba, wannan gaskiya ne. Amma ita ma ba ta iya haɗiye fushi ba, kuma fitar da wannan zargi a ranar da take gabatar da sabon koci bai amfani kowa ba. Shugaba yana buƙatar sanin maganar da za a yi a ɗaki da wadda za a yi a dandali.

Abu na biyu ya fi nauyi. Da ƙungiyar Friedgen ke cin wasa, filin na cika, sai aka yanke shawarar faɗaɗa shi da gina ɗakunan alfarma 64 da kamfanoni da attajirai za su riƙa kamawa haya. Aikin ya ci kusan dala miliyan 51, da bashi, a bisa zaton hayar ɗakunan za ta biya. Kafin a gama a 2009, tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, ƙungiyar ma ta daina cin wasa, ɗakuna da yawa suka zauna babu kowa. A lokaci guda sashen na ɗauke da ƙungiyoyi 27, har da sababbi biyu na mata da ita ta ƙara. Ta bar Maryland a 2010. A 2011 sabon shugaban jami'ar, Wallace Loh, ya kafa kwamiti, kwamitin ya tarar asusun ajiyar da ake cike giɓi da shi ya ƙare. A 2012 aka rufe ƙungiyoyi bakwai, ciki har da ninƙaya ta maza da ta mata, da tanis na maza, da waɗancan sababbi biyun na mata. Ɗaliban da suka zo daga nesa don su yi wa jami'ar wasa suka wayi gari ba su da ƙungiya. A ƙarshen wannan shekarar Maryland ta sanar da ficewa daga ACC, rukunin da tana cikin waɗanda suka kafa shi a 1953, ta koma rukunin Big Ten saboda kuɗin talabijin.

Masu kare ta suna cewa ba ita ta jawo karyewar tattalin arziki ba, kuma ba ita kaɗai ta sa hannu a ginin ba. Haka ne. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan mun rubuta mata kofuna 20, dole mu rubuta mata kasonta na ƙungiyoyi bakwai. An ci bashi mai tsawo an jingina shi da nasarar fili, alhali nasarar fili tana iya gushewa cikin kaka ɗaya. Kuskure ne da daraktoci maza da yawa suka yi kafin ita da bayanta, kuma girmamawar da ta cancanta ita ce a auna ta da mudun da ake auna su. Idan muka ce kada a taɓa ta don mace ce, mun mayar da ita abin ado, alhali ita kanta ba ta taɓa neman a ɗauke ta haka ba.

A 2010 ta koma jiharsu, ta karɓi NC State, jami'ar da yayarta ta yi wa hidima shekara 34, inda aka sa wa dandalin wasan sunan Kay tun tana da rai. Akwai wani ma'auni na shekara-shekara da ke tattara sakamakon dukkan wasannin jami'a ya jera su. Ta tarar da NC State a matsayi na 89, a kakar 2017 zuwa 2018 ta kai ta na 15. Hanyar ita ce dai wadda ta saba, wato zaɓen mutane. Ta kawo Braden Holloway a ninƙaya da Pat Popolizio a kokawa, wasannin da ba sa kawo ko kwabo, suka zama zakarun ACC. Ta sallami kocin ƙwallon Amurka Tom O'Brien a 2012 duk da ya ci wasa bakwai a cikin 12, don tana ganin iyakar abin da zai iya ke nan, ta kawo Dave Doeren. Ta gyara tsohon zauren Reynolds Coliseum. A nan ma ta yi zaɓen da ya zo da matsala. Mark Gottfried, wanda ta ɗauka a 2011, ya kai ƙungiyar maza gasar ƙasa sau huɗu a jere, amma ta sallame shi a 2017, daga baya kuma bincike ya gano an karya doka a zamaninsa a kan wasu kuɗi da suka shafi wani ɗan wasa, har NCAA ta hukunta jami'ar a 2021.

Akwai wani hukunci nata da nake so mu tsaya a kansa. A 2013 ta sallami Kellie Harper, macen da ta gaji kujerar Kay, ta ba namiji, Wes Moore, ƙungiyar mata. Wanda ya saurari abin da na faɗa ɗazu game da raguwar mata masu horarwa zai iya cewa ga mace ta samu iko ta ƙara wa matsalar nauyi. Tambaya ce mai kyau. Abin da ya biyo baya shi ne, Moore ya ci kofin ACC sau uku a jere, 2020 da 2021 da 2022. A 2024 kuma, shekara biyar bayan Yow ta yi ritaya, ƙungiyar mata ta Moore da ta maza ta Kevin Keatts, wanda shi ma ita ta ɗauka a 2017, duka suka kai zagayen kusa da ƙarshe na gasar ƙasa a mako guda. Rabon maza da kaiwa nan tun 1983, rabon mata tun 1998 a hannun Kay. Ni ina ganin ta yi daidai. Haƙƙin farko da ke wuyan darakta na 'yan wasan da ke cikin ƙungiyar ne, su samu wanda ya fi dacewa. Matar da ta ɗauki Frese ita ce ta ɗauki Moore. Gyaran giɓin da ke tsakanin maza da mata ba ya yiwuwa a ranar ɗaukar koci ɗaya. Ana yin sa ne shekaru kafin nan, a wajen waɗanda ake ba mataimaki, da waɗanda ake turawa kwas, da waɗanda ake bari su shiga ɗakin da ake tsara kasafin kuɗi.

Kuma giɓin yana nan. A shekarar da ta gabaci ritayarta, manyan jami'o'i 65 ne ke cikin rukunoni biyar mafi ƙarfi, mata biyar ne kacal ke riƙe da kujerar darakta a cikinsu: ita, da Sandy Barbour a Penn State, da Jennifer Cohen a Washinton, da Heather Lyke a Pittsburgh, da Carla Williams a Virginia, wadda a 2017 ta zama baƙar fata mace ta farko da ta kai wannan matsayi. Shekara 46 ke nan bayan dokar Title IX. A 2021 wata 'yar wasan Oregon, Sedona Prince, ta ɗauki bidiyo ta nuna 'yan ƙarafan motsa jikin da aka ajiye wa mata a gasar ƙasa, aka kwatanta da katafaren ɗakin da aka tanadar wa maza, sai da NCAA ta nemi gafara. Yanzu kuma an shiga sabon zamani, domin tun 2025 kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasa kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga kowace jami'a. Yadda za a raba waɗannan kuɗi tsakanin maza da mata, a ofishin darakta ake yanke shi.

Ba na cewa mu kwaikwayi tsarin Amurka. Yana da cututtukansa, kun ji wasu daga ciki, kuma jami'o'inmu ba su da kuɗin talabijin da za su yi rigima a kai. Gasarmu ta wasannin jami'o'i, NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, da ɗan abin da makarantu suka ware take tafiya. Amma amfanin da ke fitowa daga wancan tsari ya iso mu. Rena Wakama, wadda aka haifa a Raleigh, garin da NC State take, ta yi wasa a Jami'ar Western Carolina, ita ce ta jagoranci D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, suka ci kofin Afirka a 2023, ta kuma kai su zagayen kwata fainal a Olamfik ta 2024 a Faransa, inda babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa kaiwa. Wasu ne suka zauna a ofis suka ware kuɗin da ya ba yarinya irinta fili da koci da gurbin karatu.

A nan gida, kowa ya san dalilin da ya sa uba ke hana 'yarsa zuwa fili. Yana tambayar wa zai horar da ita, da wace irin sutura, a wane lokaci, a gaban wa, wa zai raka su idan an tafi gasa wani gari. Tambayoyi ne na haƙƙi, kuma kowace tana da amsa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince da hijabi tun 2014, ta ƙwallon kwando ta biyo baya a 2017. Ware wa mata sa'o'insu a fili, ɗaukar mace koci, tanadar uwar ɗaki mai rakiya, duka a hannun mai riƙe da kasafin kuɗi suke. Idan babu mace a inda ake yanke waɗannan, sau da yawa ba a ma tuna da su.

Don haka, ƙannena mata da ke karanta ilimin motsa jiki, kada ku tsaya a fili kawai. Ku ɗauki darasin lissafin kuɗi da na gudanarwa. Idan ana raba muƙamai a ƙungiyar ɗalibai, ku nemi ma'aji ko sakatare. Ku koyi rubuta takardar neman tallafi, ku koyi tsayawa gaban ɗan kasuwa ku yi bayani, ku kuma koyi ba da rahoton kowace naira. Ku kuma iyayenmu shugabannin makarantu, ina roƙonku idan kujerar daraktan wasanni ta samu, ku tallata ta kowa ya gani, ku sa mace a kwamitin tantancewa. Idan mace ta cancanta ku ba ta da cikakken iko a kan kuɗi da ɗaukar ma'aikata, ƙarshen shekara kuma ku binciki littattafanta kamar yadda za ku binciki na kowa.